An Yaye Ni Daga Asibitin Yara

Litinin, 3 ga Maris, da yamma

An yaye ni. Haka suke kiran abin a asibitin yara na kan tudu, wai yaye, sai ka ce wani karatu na gama. Tun ina 'yar shekara tara nake hawa tudun nan duk Litinin ɗin farkon wata, zuwa sashen da mutane ke rage murya in za su faɗi sunansa, na masu ciwon ƙwaƙwalwa. Yau an ce daga ƙarshen watan nan shi ke nan. Na cika sha takwas, sai asibitin manya na bayan tashar jirgi. Na san da dokar, kowa ya sani. Ban dai taɓa zaton da ni ake ba.

Likita Hasebe ce likitata tun ranar farko. A ɗakinta akwai akwatin yashi da 'yan gidaje da dawakan roba, har yau in zan yi magana sai hannuna yana cikin yashin. Tare muka sa wa ciwona suna Baƙo, don yana zuwa ba sallama, ya zauna mini a ƙirji, numfashi ya gagara, ƙofar gida ta zama abin tsoro. Ita kaɗai ce in na ce Baƙon ya kwana biyu ba ta tambayata wane baƙo.

Yau ta cire tabarau ta ajiye, ta kira ni yadda ake kiran yara, ta ce, "Fumi-chan, an ba kowane likita damar riƙe mutum ɗaya ya ƙara shekara, in ana ganin bai shirya ba. Bayan abin da ya faru a Janairu, ke na fara tunawa. Yaya kuka gani?"

Kafin ta rufe baki Mama ta riga ta sunkuya, goshinta ya kusa taɓa jakar da ke cinyarta. "A'a, Likita, ina! Ai mun ɗora miki nauyi har ya yi yawa. Shekara nawa kina fama da mu? Ba za mu ƙara ba."

Ga uwata ke nan. Ko shayi aka miƙo mata a gidan mutane sai ta ce a'a, a sake miƙowa ta ce a'a, a na uku ta karɓa ta shanye tas. Ta ɗauka nan ma gidan mutane ne.

An ɗan ƙara magana bayan haka. Ba sai na rubuta ba. Muka rusuna, aka rusuna mana, muka fito muka jira bas.

Talata, 4 ga Maris, da safe

Ban damu ba.

Laraba, 5 ga Maris, da hantsi

Mama ta ajiye mini shinkafa da miyar miso ta waken soya da gasasshen kifi, ta zauna tana kallon bakina kamar kullum. Na ce, "Mama, in na ce ba na ci, sau nawa za ki sake tambayata?"

Ta ce, "Fumi."

Na ce, "A'a, tambaya ce. So nake in koyi tarbiyya irin taki. Wadda ake ba ka abin da zai cece ka, ka ce a'a na gode, don kar a ce gidanku ba kunya."

Ta tashi ta hau goge teburin da ta riga ta goge. Na bi ta da ido na ce shekara guda aka miƙo mini a hannu, ta sa hannu ta ture don likita ta ce kai, wannan mata akwai ladabi. Na ce to an faɗa, ta samu, sai ta jiƙa ta sha. Wuyanta ya yi ja. Na ji daɗi, gaskiya na ji daɗi, har na cinye kifin.

Da rana Baba ya bugo daga birnin Nagoya, inda kamfani ya ajiye shi. Wai abin murna ne. "Ke fa yanzu babba ce, har ƙuri'a za ki iya jefawa." Na ce to zan jefa wa duk wanda zai mayar mini da sakatar banɗaki da ya cire a Janairu, bayan na kulle kaina a ciki na ji wa kaina rauni. Ya yi tari, ya ce in ba Mama wayar.

Alhamis, 6 ga Maris, da yamma

Ba wanda ya bugo daga kan tudu. Ban ce za su bugo ba.

Asabar, 8 ga Maris, da rana

Mahoro ta turo saƙo. Mahoro da muke zama kusa da tankin kifi a ɗakin jira tun muna 'yan sha biyu, ita ma Litinin ɗin farko take zuwa, ita ma ta cika sha takwas. "Fumi! Likita ta ce zan ƙara shekara! Ke fa?" Har da hoton zomo yana tsalle.

To ga inda gurbina ya tafi.

Na tambaye ta yaya aka yi. Ta ce da aka yi mata maganar, kawai fashewa ta yi da kuka, ta ce tsoro take ji, ba za ta iya ba, a taimake ta. Har da majina, in ji ta. Mamarta sai ja mata riga take tana ba likita haƙuri. Tabɗi. Ashe abin da ake so ke nan, ka zubar da mutuncinka a ƙasa kowa ya taka, sai a ce ai wannan ce mai buƙata.

Na rubuta mata, "Na taya ki murna. Dama kin fi ni hauka." Na ga ta karanta. Na jira, shiru. Na ƙara, "Ki yi ta zama a kujerar yara har ki yi furfura, kifayen ma sun saba da ke." Wannan ma ta karanta.

Ban damu ba. Ba ƙawata ba ce, wuri ɗaya muke jira kawai.

Lahadi, 9 ga Maris, da safe

Mahoro ba ta amsa ba.

Talata, 11 ga Maris, da yamma

Na gaya wa Mama ta koma kan tudu. Ita ta ɓata, ita za ta gyara. Ta je ta ce wa Likita Hasebe bakinta ne ya yi saurin magana, muna so.

Tana yanka albasa ta tsaya da wuƙar a hannu, sai ta tuna, ta mayar da ita aljihun teburin da take kullewa. "Fumi, an riga an yi sallama. An yi godiya, an rabu lafiya. Da wane ido zan koma in ce mun fasa? Kuma an ba wata."

Na ce, "Da idon da kika kalle ni da shi a motar asibiti a Janairu."

Ban taɓa ambata mata motar ba sai yau. Ta dafa bango. Na ce in kunya ta fi mata ni, ta faɗa kawai, ba zan yi mamaki ba. Na ce mamar Mahoro ko ba komai ta bar 'yarta ta yi magana. Da na faɗi wannan ta ɗago ta dube ni, wani irin kallo, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu. Na tsare ta da ido. Ta rufe bakin.

Can ta ce, "Jibi. Bari in sayi abin da zan riƙe a hannu."

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

Mun je. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa taron makaranta, ta sayo akwatin alewar wake daga shagon nan mai tsada, an naɗe shi da takarda mai ruwan toka har da ƙulli. Na ce ba zan matsa kusa ba, aikinta ne. Na tsaya wajen tankin kifi ina kallo.

Ɗakin jira cike da uwaye da 'ya'yansu. Mama ta isa gaban matar da ke karɓar mutane, ta rusuna, ta fara magana ƙasa-ƙasa. Matar ta ce, "Na'am? Ban ji ba." Dole ta ɗaga murya. Kowa ya ji. Wai ranar nan ta yi kuskure, ta yi magana ba tunani, 'yarta ba ta shirya ba, ko za a dubi halin da ake ciki.

Matar ta yi murmushin nan nasu, ta kira Mama da sunan gidanmu. "Ki yi haƙuri, Kumagai-san, Likita tana ganin marasa lafiya. Kuma maganar nan an rufe ta tun makon jiya."

Mama ta tura akwatin gaba da hannu biyu. Matar ta turo shi baya da hannu biyu. "Ba ma karɓar kyauta, doka ce." Mama ta sake turawa, don a tunaninta ai haka ake yi, sai an matsa. Matar ta sake turowa. Wani yaro ya ce da ƙarfi, "Mama, me ya sa tsohuwar can ba ta miƙewa?" Don ta sunkuya ta ƙi ɗagowa, tana ta don Allah, don Allah, har wata nas ta fito ta kama ta a kafaɗa.

Ina tsaye ina kallon ƙeyarta, inda rinin gashin ya fara fita. Na so in ji tausayinta, na laluba ban samu ba. Abin da na ji shi ne bai isa ba.

Ƙofar ɗakin Likita Hasebe a rufe take. Hasken ciki yana fitowa ta ƙasa. Ba ta leƙo ba.

A bas na ce, "Ko roƙon ma ba ki iya ba." Ta ce, "Ki yi haƙuri." Akwatin yana kan cinyarta har gida.

Juma'a, 14 ga Maris, da rana

Akwatin yana kan firij. Ba mai buɗewa.

Lahadi, 16 ga Maris, da yamma

Na buɗe na cinye rabi a tsaye, sauran na matse su ɗaya bayan ɗaya na mayar da murfin. Ba daɗi ma. Kuɗinta ne ya tafi a banza.

Litinin, 17 ga Maris, da safe

Har ƙarshen wata ni tasu ce. Wannan na tuna da na farka. In wani abu ya same ni kafin ranar, kan tudu za a kai ni, Likita Hasebe za a kira, ta gani da idonta wa ta saki.

Mama tana miƙo mini farar ƙwayar maganina da kofin ruwa kowace safiya, ta tsaya sai na haɗiye. Yau ma ta tsaya. Na buɗe mata baki na ce, "Aaa, ga shi, Malama mai gadi." Ta yi murmushi, ta ɗauka wasa ya dawo tsakaninmu.

Ina da tsohuwar safar makaranta a bayan durowa. A ciki na tofar da ƙwayar da na ɓoye a kumatu.

Alhamis, 20 ga Maris, da hantsi

Baƙon bai zo ba.

Asabar, 22 ga Maris, da yamma

Kaina yana ɗan juyawa in na tashi, barci kuma ya ragu, amma shi kansa Baƙon ko ƙeyarsa. Shekara da shekaru yana zuwa ba a gayyace shi ba, ranar jarrabawa, ranar bikin 'yar gwaggo, a cikin jirgi, a layin biyan kuɗi. Yanzu da na share masa wuri ina jira, ya yi ɓatan dabo. Ɗan iska.

Mama ta ce, "Kwanan nan idonki ya washe, Fumi." Na ce ta bar kallon idona.

Talata, 25 ga Maris, da rana

'Yar maƙwabta ta fito da baƙar kwat da sabuwar jaka tana gwadawa a ƙofar gida, ranar ɗaya ga wata za ta fara aiki. Uwarta tana ɗaukarta hoto. Mama tana shanya a baranda ta yi musu barka, muryarta har da wani zaƙi. Da ta shigo na ce, "Ki je ki roƙa su ba ki aronta, ki ɗauki hoto ke ma." Ta ce ko zan sha shayi. Na ce a'a. Ba ta sake tambaya ba, ta tsorata da ni yanzu.

Da ta sake tambaya da na sha.

Juma'a, 28 ga Maris, da yamma

Na hau bas ɗin kan tudu a cikin kaina ya fi sau nawa yau. Na shirya abin da zan faɗa in an kai ni. Ba zan yi kuka irin na Mahoro ba. Zan kwanta kawai in juya wa Likita baya, ita ta zagayo.

Shiru har yanzu.

Litinin, 31 ga Maris, da magariba

Yau ce ta ƙarshe. Lafiyata ƙalau. Tir.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

Asibitin manya. Hawa na uku, saman wani shagon tabarau. Ba kifi, ba littafin hoto, kujerun ma duk bango suke kallo don kar wani ya ga fuskar wani. Inji ne ya tofo mini lamba. Wani dattijo a gefena yana ta magana da hularsa, wani mai kwat yana ta duba agogo, da gani daga ofis ya sulalo. Ba wanda ya kai ni ƙuruciya. Ana kiran lamba, mutum ya shiga, kafin ka gyara zama ya fito.

Da aka kira tawa Mama ta miƙe da jakarta kamar yadda ta saba. Nas ɗin ta tare ta, ta juyo wajena. "Ke babba ce yanzu, sai da izininki. Kina so mahaifiyarki ta shigo?"

Na dubi Mama. Na ce, "A'a. Tana yawan amsa abin da ba a tambaye ta ba." Ta koma ta zauna a hankali kusa da mai hula.

Likita Onuki sunansa. Ba mugu ba ne, da ma mugu ne da na samu abin yi. Gajiyayye ne kawai, idonsa a kan kwamfuta, yatsunsa suna ta aiki. "Kumagai-san, na karanta bayananki. Ki ba ni labarin da bakinki, a taƙaice."

A taƙaice! Na nemi inda zan sa hannuna, ba yashi, sai teburin roba mai sanyi. Na ce Baƙon bai zo ba kwana biyu.

"Wane baƙo?"

Na ce ba kowa.

"Kina barci? Kina cin abinci? Tunanin nan irin na Janairu yana zuwa miki?" Duk da murya ɗaya, kamar mai karanta jerin cefane. Na ce e, e, a'a. "Magani fa, kina sha?" Na ce ina sha. Ya rubuta. Ko ɗagowa bai yi ba balle ya ga yadda na faɗa. Da Likita Hasebe ce da ta ajiye biro ta yi shiru har sai na gaji na faɗi gaskiya.

"Madalla. Mu haɗu bayan wata ɗaya. A kula da kai."

Da na fito Mama ba ta gama ninke rigar sanyinta ba. Ta ce, "Har an gama?" Na ce, "Abin da kika saya mini ke nan."

Asabar, 5 ga Afrilu, da rana

Baƙon ya zo jiya, bayan abincin rana. Ba zan rubuta yadda ya zo ba. Na tuna tayil ɗin banɗaki a kumatuna, da Mama tana kiran sunana, da ƙofar da ba ta da sakata ta bugi bango.

Ina jin ta a waya. Kan tudu ta fara bugawa, hannunta ya saba. Na ji tana cewa, "E, Kumagai Fumino, ta wajen Likita Hasebe. E. E, na sani, amma kwana huɗu ne kawai da... E. To. Na gode. Ku yi haƙuri da damuwa." Har a nan sai da ta ba su haƙuri.

Da ta buga asibitin manya suka ce Likita Onuki ba ya nan ranar Juma'a da rana, in abin ya tsananta a kira motar asibiti, in ya lafa a zo ranar da aka rubuta. Ya lafa da kansa wajen magariba. Ko ciwon nawa ma makararre ne.

Ta ga safar. Tana neman tawul ne a durowa. Ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo, ba ta tambaye ni komai ba. Yau da safe ta miƙo ƙwayar. Na haɗiye, na gaske, don ba sauran amfani.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da yamma

Gobe Litinin ɗin farkon wata.

Litinin, 7 ga Afrilu, da rana

Na fita Mama tana shanya. Ban taɓa hawa bas ɗin nan ni kaɗai ba, ban ma lura ba sai da na sauka. Furen itatuwan ceri ya rufe hanyar tudun, mutane sai ɗaukar hoto suke kamar ba su taɓa gani ba.

Na zauna a kujerata kusa da kifi. Gwiwoyina sun kusa kai mini haɓa, da can ban taɓa lura kujerun ƙanana ba ne. Matar karɓar mutane ta gan ni, ta ɗauki waya. Ƙofar Likita ta buɗe, Mahoro ta fito da mamarta, da yashi a hannun rigarta. Ta gan ni sarai. Ta juya ta ɗaya gefen uwarta suka wuce.

Likita Hasebe ta fito da kanta. Na miƙe zan nufi ɗakin, ta ɗan tare hanyar da jikinta, ta nuna mini wajen taga a baranda. A tsaye muka yi maganar, masu tura keken magani suna wucewa.

"Kumagai-san," ta ce. Tunda nake ba ta taɓa kirana da sunan gidanmu ba, yadda ake kiran manya. "Ke kaɗai kika zo?"

Na ce e.

"A bas? Kin gani ko." Har da murmushi.

Na ce ba wannan ya kawo ni ba. Na ce ranar Juma'a na kwanta a banɗaki, an bugo nan an kore mu. Na ce likitan can bai san ni ba, ko fuskata bai sani ba. Na ce gurbin nan nawa ne, ita da bakinta ta ce ni ta fara tunawa. Mama ce ta ƙi, Mama kuma kowa ya san halinta, ni ba a tambaye ni ba.

Ta daina murmushin. "Na tambaye ki."

Na kawar da kaina wajen taga.

"Mamanki ta ƙi, kamar yadda kusan kowace uwa take yi a kujerar nan. Ba na ɗaukar wannan a bakin komai. Shi ya sa na juyo wajenki na ce ke fa, Fumi-chan. Kika ce kin warke, a ba wanda ya fi ki buƙata. Na ce kin tabbata? Kika ce kin tabbata, kika gode mini. Mamanki har taɓa miki hannu ta yi, kika janye."

Na ce, "Sau biyu ne kawai."

"Me?"

"Sau biyu kika tambaya. Da kina so na da kin ƙara. Kowa ya san sai an ƙara. Da kin ce a'a, ban yarda ba, ki zauna, ina so ki zauna." Muryata ta tashi, wata uwa ta janye ɗanta. Ga ni ina abin da na zagi Mahoro a kai, har da majinar, sai dai ni na yi shi bayan an tashi kasuwa.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, a hankali, yadda take magana da 'yan shekara tara, "Tun ranar da kika fara shiga ɗakin can nake gaya miki, a nan abin da kika faɗa shi zan ɗauka. Ba sai kin yi kara ba, ba kuma zan yi miki ba. Da na matsa miki ranar, da na rushe abin da muka daɗe muna ginawa. Na yarda da maganarki ne."

Na ce to yanzu ga maganata, ina so.

"Na ji. Na kuma ji daɗi da kika iya faɗa. Ki faɗa wa Likita Onuki haka, kai tsaye, da maganar ranar Juma'a. Ni ba likitarki ba ce yanzu, ba ni da ikon ganinki." Ta duba ƙofarta, wani yaro da uwarsa suna tsaye suna jira. "Zan sa a bugo wa mamanki ta san kina hanya."

Ta rusuna mini. Ba ɗan kaɗa kan da take yi wa yara ba, cikakkiyar rusunawa, irin wadda ake yi wa manya. Ni ma jikina ya rusuna da kansa, bakina ya ce na gode da ɗawainiya. Ta shiga da yaron ta rufe ƙofa.

Litinin ɗin dai, da magariba

Na tarar da Mama a bakin titi da silifan cikin gida, ta fito ba ta ma canja ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi jakata muka shiga, ta kunna wuta a ƙarƙashin miya, tana juya mini baya ta ce, "Kin gan ta?"

Na ce na gan ta.

"Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ke ce. Ta ce da ba ki yi saurin buɗe baki ba da yanzu ina can. Ta ce ba ta taɓa ganin uwar da ta yi wa 'yarta haka ba."

Ludayin ya tsaya. Mama tana ɗakin ranar, kujerarta manne da tawa. Ta ji wanda ya ce ya warke, da kunnenta ta ji, hannunta ne aka ture. Tun ranar ta sani, da ta je tana sunkuyo gaban mutane da akwatin alewa ma ta sani. Na tsaya a bayanta ina jira ta juyo ta ce ƙarya kike, Fumino, ke kika faɗa. Ko sau ɗaya ta ɗaga mini murya, ta mayar mini da abina in riƙe.

Ta juyo, idonta a ƙasa. Ta ce, "Haka ne. Laifina ne. Ki yi haƙuri, Fumi." Ta zuba mini shinkafa ta ajiye a gabana.

Talata, 8 ga Afrilu, da safe

Na sake gaya mata laifinta ne. Ta sake amsawa.